Kwalbar da Babana Ya Yi Ta Jira

A lokacin da abin nan ya faru ina karatun digiri na biyu a Aliero, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta kai wannan matsayi. Mahaifina manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Mungadi, mutum mai raha, wanda ko baƙo ya haɗu da shi a kasuwar Jega sai ya ba shi labarin ɗiyarsa likita, alhali ni ba likita ba ce. Aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne bin sawun wani furotin da ke taimaka wa jijiya ta gyara kanta idan ta ji rauni. Muna amfani da wani ruwa a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, sinadarin garkuwar jiki ne da ake sayowa daga waje a adana cikin sanyi. In aka ɗiga shi a kan yankin jijiyar ɓera, sai ya je ya manne wa furotin ɗin, mu gan shi ta madubin na'ura. Iyakar aikinsa ke nan, ya nuna. Amma duk sanda aka tambaye ni a gida, sai in gajarta in ce muna aikin maganin jijiya, don ya fi sauƙin faɗa, kuma ina son murmushin da Baba ke yi idan ya ji haka.

Da kakar albasa Baba ya ɗauko buhu a babur zai kai Jega, ya faɗi, damtsensa na dama ya karye. Aka kai shi wurin mai ɗori, ƙashi ya haɗu lafiya, sai dai hannun ya saki daga wuyan hannu, yatsun ba sa ɗaguwa. Mai ɗorin ya ce nasa aikin ya ƙare, sauran na jijiya ne, a je asibiti. Ni kuwa aiki ya riƙe ni, duk kiran da na yi sai Baba ya ce ana samun sauƙi, na ɗauka yana zuwa asibitin. Sai da na zo hutu na tarar da shi ya juya wa ƙofa baya yana cin tuwo da hagu, kamar mai sata. A madafi Inna ta faɗa mini bai taɓa taka asibitin ba. Kullum cewa yake maganin ɗiyarsa ya kusa haɗuwa, ba zai miƙa wa wani hannunsa ba kafin ita ta gwada nata.

Ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Na durƙusa gefen tabarmarsa na ce, "Baba, ku yi haƙuri, abin da ke hannunmu ba magani ba ne. Ba a sha, ba a allura da shi, kallo kawai muke yi." Sai ya tambaye ni ko ɓerayen ma ba sa warkewa. Na ce a'a. Ya ɗora hannun hagun a kaina ya ce, "To ɗiyata, mi na kuka? Wanda ya leƙa rijiya shi ka faɗin ko akwai ruwa. Ki ci gaba da leƙawa, gobe ki raka ni asibitin."

Likitan da ya duba shi ya ce jijiyar tana farfaɗowa da kanta a hankali, amma da an zo da wuri da an ɗaure hannun a miƙe ana motsa shi, yanzu gaɓoɓin yatsun sun riga sun sandare. Muka shiga zaryar asibiti ana gasa hannun ana motsa shi, ni ke matsa masa yatsun da man zafi yana ba ni labarin samartakarsa don kada in ga yana cije leɓe. Wuyan hannun ya dawo, yana gaisawa da mutane, yana ci da dama. Yatsu biyu dai sun ƙi buɗewa, dashen albasa ya koma hannun ƙannena, shi yana zaune bakin fadama yana yi musu gyara. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana masu karatun kimiyya. Iyayenmu ba sa jin maganarmu kamar ta kowa, abin da muka faɗa da wasa su riƙe shi suke yi su gina a kai. Ku zauna ku yi musu bayanin aikinku yadda yake, ko da zai rage muku girma a idonsu, ku nuna musu tazarar da ke tsakanin bincike da magani. Wanda kuma wani nasa ya karye, aka ɗora, amma hannu ko ƙafa ya saki, kada ya tsaya ga tambayar waya. Ya je ya gani da idonsa, domin uba mai ƙaunarka zai ce maka da sauƙi ko da babu.