Goggon Kwana da Kwalbar Lemo

Shagonta yana daidai inda layin ya karye ya nufi famfo, shi ya sa babba da yaro suke ce mata Goggon Kwana. Shagon ma suna ne kawai: rumfar kwano ce, da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da bulo, da durom biyu na kananzir, da mazurari, da gwangwanin awo. Ta kama sana'ar ne bayan rasuwar mijinta, direban babbar mota, kuma da ita ta raini 'ya'ya huɗu. Warin kananzir ya kama hannunta har sabulu ya haƙura. Jikokinta sukan tsokane ta cewa ko sauro ba ya kusantar ta, ita kuwa ta ce, "To ku da yake cizo, ku matso in shafa muku."

Kowa da abin da yake zuwa da shi. Wani gorar ruwa, wani kwalbar maganin tari, mafi yawa kwalbar lemo. Shekara goma sha tara tana zuba musu, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Gida na uku daga shagon na wani tela ne da matarsa. Suna da yaro ɗan shekara ɗaya da wata takwas, wanda ake kira Sarkin Yawo, don tun da ya fara tafiya ba ya zama wuri ɗaya. Wata rana da hantsi matar tela ta zo da koriyar kwalbar lemo marar murfi. Goggo ta cika ta, ta murɗa takarda ta toshe bakin. Matar ta koma gida ta ajiye kwalbar kusa da risho, ta fita kwashe shanya.

Ihun da Goggo ta ji ya sa ta fito ko takalmi babu. Ta tarar da yaron a hannun uwarsa yana tari, rigarsa jiƙe, kwalbar tana kwance a ƙasa. Mata sun cika tsakar gidan, kowa yana kallonta, don ita ce babba, kuma ita ta san kananzir.

"A kawo manja!" in ji ta.

Ta karɓi yaron ta matse shi a cinya, ta toshe masa hanci ta ɗura masa, sannan ta sa masa yatsa a maƙogwaro. Haka ta ga manya suna yi tun tana yarinya. Yaron ya yi amai, ya ƙware, ya sake yin wani. Mata suka yi ta hamdala, wata har tana cewa da babu Goggo a layin nan da an shiga uku. Ta koma shago ranta fari ƙal.

Kafin azahar numfashin yaron ya sauya. Yana ja da sauri, haƙarƙarinsa yana lotsawa, leɓɓansa sun yi toka-toka, jiki kamar garwashi. Tela ya bar ɗinki a kan keke ya tare mota, Goggo ta bi su.

A asibiti, bayan an sa wa yaron robar iska a hanci, wata nas ta fito ta tambaya, "Wa ya sa shi amai?"

"Ni ce, 'yata."

Nas ɗin ta dube ta, ta sassauta murya. "Mama, na san taimako kika yi niyya. Amma kananzir a ciki bai kai kananzir a huhu haɗari ba, kuma amai ne yake kai shi huhu. Ba a ba da manja, ba a ba da madara, ba a sa yatsa. A cire rigar da ta jiƙe, a kawo yaro nan take."

Goggo ta nemi benci ta zauna.

Kwana goma sha ɗaya yaron ya yi a gadon asibiti, kwana goma sha ɗaya shagon Goggo yana rufe. Kullum da safe sai ta zo ta zauna a wannan benci, ba ta shiga ɗakin. Tela ya fito wata rana ya durƙusa gefenta ya ce, "Goggo, ki daina saka abin nan a ranki. Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, ɗana," ta ce, "amma da mazurarina aka zuba ta."

Matar tela kuwa kauce mata take yi. In ta fito ɗibar ruwa sai ta sunkuyar da kai ta wuce.

Allah ya yi yaron yana da sauran kwana. Ya warke, sai dai ƙirjinsa bai koma daidai ba. Damina tana faɗuwa tari yake kama shi.

Da Goggo ta sake buɗe shago, sai aka ga wasu ƙananan galan-galan jere a kan tebur. Ta roƙo su ne wurin bakanike, ta wanke, ta sa mai fenti ya shafa musu ja, kowanne da murfi mai murɗawa. Daga ranar ba ta ƙara zuba kananzir a kwalbar abin sha ba. Wani tsohon mai gadi ya miƙo mata gorar ruwa, ta ture hannunsa.

"Haba Goggo, ni da babu yaro a gidana?"

"Jikokin naka da suke zuwa hutu fa, a aljihu kake saka su? Ɗauki galan, ka ɗora shi kan kabad."

Wasu suka ji haushi suka koma saye a bayan layi. Babbar 'yarta ta yi mata magana cewa tana korar kasuwa da hannunta, ta ce ta ji. In ta shiga gidan mutane kuma idonta ba ya hutawa: bokitin ruwa a buɗe, ƙwayoyin magani a bakin taga, tukunyar ruwan zafi a ƙasa inda mai rarrafe zai kai. Sai ta faɗa, ko an so ko ba a so ba. Amma ba da magani ta daina ɗungurungum. Duk macen da ta kawo mata yaro ba lafiya tana neman dabarar manya, amsa ɗaya ce: "Ɗauko mayafinki mu tafi asibiti."

Sai da aka yi wata bakwai matar tela ta sake taka shagon. Ta gaishe ta a takaice, ta tsaya tana wasa da bakin zanenta, can ta ce, "Goggo, ni ma fa ni na ajiye kwalbar nan a ƙasa." Goggo ta auna mata kananzir a jan galan.

Shekaru suka tafi, mutane suka koma girki da gas, idon Goggo ya yi rauni, ta rufe shagon ta koma zama a ƙofar gida. Sarkin Yawo ya shiga makaranta, kuma iyayensa ba su taɓa ba shi labarin ba. Abin da ya sani kawai, akwai wata tsohuwa da takan tare shi in ya taso, ta riƙe hannunsa ta ce, "Zo nan, maigidana, ja numfashi in ji." Sai ya ja da ƙarfi yana dariya, ta kara kunne a ƙirjinsa ta yi shiru, sannan ta sake shi ya ruga. Yana aji huɗu ta rasu. Da aka gaya masa, ya tambayi uwarsa ko Goggo likita ce a da.