Kududdufin Bayan Makarantarmu

Ni dillalin hatsi ne. Ina saye a ƙauyukan Rano da Kibiya, in loda wa motoci zuwa Kano. Ban saba da abin da ya fi ƙarfina ba. In mota ta lalace akwai makanike, in farashi ya faɗi in rufe sito in jira. Amma kududdufin da ke bayan sakandaren garinmu ya gagare ni, kuma tun ina yaro na san labarinsa daga bakin kakata.

Iya muke ce mata. Bayan sallar isha'i takan zauna bakin murhu tana soya gyaɗa a kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana.

"Matso nan, mijin banza. Cefane babu, sai miƙo hannu."

Tatsuniyoyinta da yawa na manta, amma akwai wadda ta zauna mini. Takan ce an yi wani gari da yaransa in sun gama firamare sai a tura su nesa, wasu su tafi ke nan. Mutanen gari suka ce su ma za su gina tasu makarantar. Aka kira gayya. Maza na haƙa, mata na ɗebo ruwa, matasa na buga bulo. Wani tsoho ya ce a je gindin dutse a ɗebo ƙasa, aka ce masa, "Baba, da nisa." Ga jar ƙasa mai danƙo nan bayan filin, daidai inda ruwan damina ke bi. Nan aka haƙa.

Iya takan ƙanƙance murya a nan. "Sai ƙasa ta ce, ina za ku kai mini 'ya'yana? Suka ce, boko za mu sa su. Ta ce, to, in sun gama karatu ku dawo mini da su."

Ba su dawo da su ba. Shi ya sa duk damina ƙasar takan buɗe baki ta matso kaɗan, tana leƙen 'ya'yanta a jikin bango.

Na taɓa tambayarta, "Iya, ke ma kin ɗebo ruwan?"

"Wa ya ce maka da ni a ciki? Tatsuniya ce." Sai ta shafa wuyanta. "Amma har yau wuyan nan bai yafe wa tulu ba."

Duk sauran tatsuniyoyinta takan rufe su da ƙurunƙus, ta kore mu mu kwanta. Wannan kuwa sai dai ta ci gaba da juya gyaɗa. In muka ce ta ƙarasa, ta ce, "Ba ta ƙare ba tukuna."

Da na shiga makarantar na ga ramin da idona. A lokacin, tsakaninsa da azuzuwa akwai filin ƙwallo guda. Muna da wilin mota rataye a darbejiya, shi ne ƙararrawarmu. Duk wanda ya iso bayan an buga, Malam Sabo mai kula da horo zai miƙa masa kwanon birkila: je ka zuba wa kududdufi ƙasa. Mu kuma yara, don kada mu wahala, a gefen ramin muke kankaro ƙasar mu jefa a tsakiyarsa. Malam ya ga kwano cike, ya ce madalla. Haka aji bayan aji muka riƙa faɗaɗa masa baki, muna ganin cika shi muke yi.

Yanzu 'yata Rabi tana ajin ƙarshe a can. Filin ƙwallon ya tafi tuni, darbejiyar ma ta bi shi. Jami'ai sun zo daga Kano, suka duba babban ɗakin jarrabawa, suka ce in ya faɗi ba za a ƙara rubuta jarrabawar fita a garinmu ba. Na san abin da hakan ke nufi. Makarantar da ba a rubuta jarrabawa a cikinta, iyaye kwashe 'ya'yansu suke yi. Masu hali su kai nasu birni, sauran su koma gona.

Na yi abin da na iya. Na kwashe tsofaffin buhunan sitona, mu tsofaffin ɗalibai muka cika su da yashi muka jera. Na sa tifa ta zuba dutse. Na yi sintiri ofis-ofis har masu gadi suka san ni. Wani injiniya ya auna wurin, ya ce mini, "Alhaji, wannan sai babbar magudana ta kankare. Ba aikin mutum ɗaya ba ne." Ruwa biyu masu ƙarfi suka tafi da buhunan kamar ba a taɓa ajiye su ba.

A daminar bana, wata Laraba da la'asar, aka yi ruwan da ya ƙarasa aikin. Washegari na je da Rabi. Bangon baya na ɗakin jarrabawa yana kwance a cikin rami. Filasta ta ɓare, sai ga jajayen bulo suna narkewa a ruwa. Na ɗauki guda da ya rage a gefe, har da shatin yatsun wanda ya buga shi. Ya marmashe a hannuna.

Da ina ɗauka Iya tana koya mana kada mu yi ƙiwar tafiya gindin dutse ne. Yanzu ina ganin ta san babu abin da jikokinta za su iya, ta dai ba mu labarin don kada ranar ta zo mana a baƙuwa.

Rabi ta daɗe tana kallon kujerun da ke rataye a bakin ramin. Na taɓa ba ta tatsuniyar tana ƙarama.

"Baba," ta ce, "to mu a ina za mu rubuta?"

Abin da ya zo mini kawai shi ne kalmar nan ta rufe tatsuniya da Iya ta ƙi faɗa duk tsawon shekarun nan. Ni ma na haɗiye ta.