Saƙon da Ya Shekara Biyar a Bakina

A shekarar da aka yi wasannin ƙasashen Asiya a Doha, ƙarshen 2006 ke nan, ina da shekara goma sha uku. Ranar da aka buɗe wasannin Juma'a ce, farkon watan Disamba, sai ga ruwan sama a garin da yakan yi watanni bai ga ɗigo ba. Da la'asar mahaifina, Malam Ilyasu, wanda mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa, ya tafi da ni kasuwar gwanjo ta Najma neman barguna, don sanyi ya fara shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa. Ruwa ya tsare mu a rumfar wani mai sayar da tsofaffin katifu. Muna tsaye sai wani mutum ya shigo da sauri, ya rufe kai da leda, rigarsa ta masu gadi ta jiƙe sharkaf. Da ya cire ledar sai na ga Baba Bitrus ne, maƙwabcinmu na gida, wanda shingen ƙaya kaɗai ya raba mu da shi a can kan duwatsun Filato. Ya rame, furfura ta cika masa kai. Suka yi musabaha da kan yatsu. Malam ya ce, "Bitrus, kai ma an shigo?" Ya ce, "An shigo, Malam. Wata bakwai." Aka tambayi mutanen gida, aka ce lafiya lau, sai magana ta ƙare. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna aron fartanyar juna suka tsaya suna kallon ruwa kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Da ruwan ya tsagaita, Baba Bitrus ya mayar da ledarsa ya fita. A rumfar nan ni kaɗai na san abin da ya raba su, domin ni na haddasa shi.

Garinmu yana kudu da Jos, a tsakanin duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Idan Disamba ta kama, ruwan randa yakan ciji haƙori, hayaƙi yakan fito daga bakin mutum in yana magana. Da asuba Inna, mahaifiyata, takan ɗora tukunyar ruwan alwala kafin komai, sannan ta shafe mu da man kaɗanya har mu riƙa ƙyalli. A makarantar allo muna kewaye wutar kara, gaba yana ƙuna baya yana daskarewa, yatsu sun ƙi riƙe alƙalami, Malam yana cewa wanda ya koyi ajami a wannan sanyi ba zai taɓa mantawa ba. An gama girbin acca, rumbuna sun cika, sai aikin ban-ruwan dankali a bakin rafi. Idan hantsi ya ɗaga, ni da Rahila, 'yar Baba Bitrus, mukan kora awaki gindin dutse, mu binne dankali a toka, mu hau fasasshiyar jarka mu sulalo daga kan falalen dutse har zannuwanmu su yage. Mun sha duka a kan zannuwan nan, ita a gidansu ni a gidanmu, kuma kowa yana jin kukan ɗan'uwansa ta shinge.

Kirsimeti tasu ce, amma ƙamshinta na kowa ne. Tun saura mako guda Mama Saratu, matar Baba Bitrus, take fara suyar cincin, yaran cocinsu suna bi gida-gida da ganga suna waƙa, mu kuma muna kan dutse muna kallo. Akwai wata al'ada da na taso na tarar: Baba Bitrus bai taɓa yanka akuyar Kirsimeti da hannunsa ba. Ana gobe biki yakan leƙo ta kan shinge ya ɗaga murya, "Malam, gobe da wuƙa." Da safe Malam ya yafa bargo ya zagaya, ya fuskantar da akuya alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka. Saboda haka idan kwanukan shinkafa da nama suka fito da rana, babu gidan Musulmin da zai mayar da su. Da Babbar Sallah kuma cinya guda ta ragonmu tasu ce. Ban taɓa jin an kira wannan abu da wani suna ba, yi kawai ake yi.

Sai shekarar 2001 ta zo da rikicin Jos. Wutar ba ta iso garinmu ba, amma waɗanda ta kora sun iso. Gwaggo Asabe, yayar Malam, ta zo da 'ya'ya huɗu da ƙunshin kaya ɗaya, an ƙone musu gida da shago. Ta zauna a ɗakin Inna, ba ta barci, ba ta son jin ko gangar coci. Gari ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Ana gaisawa, amma ba a tsayawa. Da Ƙaramar Sallah, kwana tara kafin Kirsimeti, Inna ta aika wa su Mama Saratu tuwo kamar kullum, sai dai ta bayan gida aka fita da shi.

Ana gobe Kirsimeti da yamma ina dawowa daga famfo, Baba Bitrus ya tare ni a bakin hanya. Bai leƙa ta shinge ba a wannan shekara, don ya san baƙin da ke gidanmu, ba ya son ya sa Malam jin nauyi a gaban yayarsa. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Hafsatu, ki faɗa wa Malam, in babu damuwa, gobe da wuƙa." Na ce to. Da na shiga gida na tarar da Gwaggo zaune kusa da Malam tana lissafa masa maƙwabtan da ta gane a cikin waɗanda suka zo da fetur. Na ajiye bokiti na ce bari ta tashi. Ba ta tashi ba sai da aka kira magariba. Na ce bayan sallah, na ce bayan tuwo, barci ya ɗauke ni. Da safe Inna ta aike ni ɗebo itace, sai ga Baba Bitrus a ƙofar gidansa, akuya ɗaure a turke. Ya ce, "Kin faɗa masa?" Ina da shekara takwas, tsoron duka ya fi mini komai girma. Na ce na faɗa. Ya ce, "Me ya ce?" Na ce bai ce komai ba.

Na koma gida na tarar da Malam a zaure, ya yafa bargonsa, wuƙa a wasa tana gefen tabarma. Tun asuba yake jiran kira. Na wuce shi da itacena. Ya zauna har hantsi, har rana ta take, shi yana jira a nan, Baba Bitrus yana jira a can, tsakaninsu bai fi taku talatin ba. Wajen azahar muka ji kukan akuya ta bayan shinge, ya yanke. Malam ya mayar da wuƙar cikin kube, ya ce, "Allah ya kyauta," ya tashi yin alwala. Ran nan kwano bai shigo gidanmu ba, bai shiga gidan wani Musulmi ba, don Baba Bitrus ba zai aika da naman da ya san ba za a ci ba. Da Babbar Sallah ta zo Malam ya ce kada a kai cinyar, kada mu ɗora musu abin da suka sauke. Rahila ta daina zuwa kiwo ta wajenmu. Inna takan ce, "Aike amana ne," duk lokacin da ta tura ni kanti, ni kuwa sai in ji kamar ta sani.

Bayan shekara uku Malam ya samu aikin koyarwa a Doha, muka bi shi daga baya. Gida ne mai ɗaki biyu a hawa na uku a unguwar tsohon filin jirgi. Babu tsakar gida, babu akuya, babu dutse ko na jifa. Rabin shekara zafi ya kulle mu a ɗaki, na'urar sanyi tana gurnani dare da rana. Malam yana fita da duhu ya dawo a gajiye, Inna tana shanya a baranda tana kallon jirage. Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa mun shekara biyu ba mu san sunansa ba. Na ɗauka nisa ya binne maganar, har ruwan Najma ya tono ta.

Daga ranar na rasa sukuni. Garin ya cika da tutoci da motocin 'yan wasa, a makaranta ba a zancen komai sai lambobin zinariya, ni kuwa in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ga akuyar nan a turke. Sau uku ina zuwa gaban Malam, bakina yana ƙin buɗewa. A ƙarshe na yago takarda daga littafin lissafi na rubuta komai da ajami, don shi ne rubutun da ya koya mini da hannunsa, kuma na san ba zai yi zaton wani ne ya tsara mini ba. Na sa ta a cikin littafin da yake karantawa bayan sallar asuba. Da na fito shirin makaranta na gan shi zaune da takardar a gwiwa. Bai yi faɗa ba, na so ma ya yi. Ya ɗago kai ya ce, "Taku talatin, Hafsatu. Ke yarinya ce. Ni me ya hana ni tashi?"

Kirsimetin shekarar ta faɗo Litinin, ranar aiki kamar kowace, kuma a lokacin ba a gina wa Kiristoci coci a ƙasar ba tukuna. Malam ya yi tambaya wajen wani Alhaji ɗan zangon Kumasi mai gidan abinci a Najma, aka kwatanta masa gidan da Baba Bitrus yake zaune. Bayan azahar ya ɗauko wuƙarsa daga ƙasan akwati, ya naɗe ta a tsumma, ya ce in sa hijabi. Tsohon bene ne, takalma sun cika matakala, mutum takwas a ɗaki. Aka ce mana Baba Bitrus yana can saman rufi. Ya karɓi gadin dare a wani dogon gini na unguwar Dafna don ya samu yinin. Muka same shi tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, iska mai sanyi tana kaɗawa, ya tsuguna gaban risho shi kaɗai, da shinkafa a roba da kaza guda ta kanti, irin wadda ake shigowa da ita daga waje a yanke, wadda ƙanƙara ba ta gama sakinta ba.

Malam ya yi sallama, ya zauna a kan bulo, ya fito da takardar ya karanta masa ita daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko inda na ce bai ce komai ba. Baba Bitrus yana saurare yana juya albasa. Da aka gama ya kashe risho, ya goge ido da bayan hannu, ya ce albasar ƙasar nan ba ta da mutunci. Sai ya ga tsumman da ke hannun Malam.

"Mene ne wannan?"

"Wuƙa ce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Malam, ka makara. Wannan kazar tun a Brazil ta riga mu gidan gaskiya."

"To ai ba a gyara ta ba," in ji Malam.

Baba Bitrus ya riƙe robar bai miƙa ba. Ya juyo gare ni, fuskarsa ba wasa. "Hafsatu, na aike ki, ba ki dawo mini da amsa ba. Ina jira."

Malam yana zaune bai fi taku biyu daga inda nake ba. Na durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi a gida, na ce, "Malam, Baba Bitrus ya ce in babu damuwa, gobe da wuƙa."

Malam ya ce, "Ki ce masa babu damuwa. Ga ni."

Na juya na faɗa wa Baba Bitrus. Ya ce, "Madalla. Kin fita." Sannan ya miƙa kazar. Malam ya yi bisimilla ya yayyanka ta gaɓa-gaɓa, ƙanƙara tana ƙara a bakin wuƙa. Muka ci a faranti ɗaya a kan kwali, shinkafar ta ɗan kama, su biyu suna ta lissafin waɗanda suka mutu a gida da waɗanda suka yi aure. A nan na ji Rahila tana aji uku a makarantar kwana. Kafin magariba motar kamfani ta yi ta hon a ƙasa, direba yana kiran yalla, yalla, wato a yi sauri da Larabci, Baba Bitrus ya sa rigar gadinsa ya sauka.

Bai kai wata Kirsimetin a Doha ba. Kwantiraginsa ya ƙare ya koma gida, bayan 'yan shekaru muka ji rasuwarsa. Malam ma ya kwanta dama, Allah ya jiƙansa da rahama. Ni har yau ina nan, da nawa 'ya'yan a wani hawa na wani bene. Idan Disamba ta zo manyan kantuna sukan kafa bishiyoyin roba da audugar da aka ce ƙanƙara ce, yarana su tsaya a ɗauke su hoto, ba su san ruwan randa mai cizon haƙori ba. Nama kuwa duk na halal ne, a leda, da hatimi, babu mai bukatar maƙwabcinsa ya zo ya yanka masa. An ce a garinmu ma yanzu unguwa biyu ce, kowa da mahautarsa. Na gode wa Allah da ya ba ni ikon sauke nauyin nan tun suna raye su biyun. Shekara biyar ɗin da na ci musu kuwa, babu inda zan samo su.