Gafiyar Dubiya

Jiya ina jiƙa zani zan rataya a ƙofar ɗakin jikata, sai hannuna ya tsaya cak. Hayaƙin ƙunar daji ya sake rufe Gwaram, ita kuma tana da asma. Haka Innarmu ta riƙa yi wa Baba, tun shekarar da aka bar fam aka koma naira.

A waccan shekarar mafarauta suka cinna wa dajin bayan gari wuta. Hayaƙi ya kwanta a kan gidaje. Baba ya kasa kwanciya, sai dai ya jingina da bango, ƙirjinsa na kuka kamar zugazugin maƙera. Da ƙyar aka samu motar da ta kai shi asibiti a Birnin Kudu.

Da aka sallamo shi, maƙwabcinmu Malam Sale ya zo dubiya, riƙe da ƙyafaffiyar gafiya.

Ya ce, "A yi maka romo, Malam. Bana wutar ta yi mana albarka."

Baba ya daɗe yana tattaro numfashi, sannan ya ce, "Na gode, Sale. Ai rabona na riga na shaƙe shi tun kafin ku dawo gida."

Malam Sale ya yi dariya, ya ɗauka raha ce.

Baba ya rasu, Malam Sale ma ya rasu, ni ga shi har yau ina matse zani. Wallahi na gaji.

Ku faɗa mini, wa ake kai wa ƙara idan mai cinna wutar shi ne mai zuwa dubiya?