Galan Ɗaya a Hanyar Surame

'Yata Safinatu ce ta tashe mu ranar Asabar ɗin, 12 ga Nuwamba 1983, tun kafin kiran asuba na biyu. Shekararta goma sha biyu, ajinta shida a firamare a Shagari. Tana da littafin rubutu mai bangon shuɗi da take zana duk wurin da na kai su: Hubbare, Sifawa, gadar Rima. Ta bar shafi fari ta rubuta Surame a samansa, don na taɓa gaya mata can akwai ganuwar dutse da ta girmi Sakkwato.

Lokacin wahalar mai ne. Kwana biyu na yi a layi na sami galan huɗu. Ni malamin tarihi ne, amma na auna tafiyar da kyau: zuwa da dawowa, da ɗan ragi.

Ƙarfe bakwai muka fita, ni da mahaifiyarsu Kulu, da Safinatu da ƙanwarta Amina. Ƙarfe takwas muna Boɗinga. Ba a wuce gidan kawu ba a gaisa ba. Kawu Mijinyawa ya ce babur ɗinsa kwana shida a jingine, ga albasa na jiransa a Dingyaɗi. Bai roƙa ba, ya dai faɗa. Na zuƙo masa galan ɗaya. Safinatu ce ta riƙe mazurari.

"Baba, sauran ya kai mu mu komo?"

Na ce zai kai.

Sha ɗaya muka isa. Ta ƙirga ƙofofi, ta zana katanga, ta tsokani Amina da ta ƙi sauka daga mota wai matsoraciya. Ɗaya saura kwata ta sa hannu ƙarƙashin wani dutse don ɗauko fensirinta. Kububuwa ce ta sare ta. Ba ta yi kuka ba, ta nuna mini yatsan kawai.

Kulu ta ɗaure mata hannu da ɗankwali. Na tuƙa ina kallon allurar mai fiye da hanya. Biyu da rabi motar ta mutu tsakanin gonakin gero da aka girbe, babu gida kusa. Dasashin Safinatu ya fara jini. Na goya ta na kama tafiya. Ta tambaye ni ko an ɗauko littafin, na ce yana wurin Amina.

Bayan la'asar wata motar itace ta ɗauke mu. Dab da magariba muka shiga asibiti a Sakkwato. Ta cika Litinin da hantsi. Na tambayi likita ko awa ukun da muka ɓata a hanya da sun canza wani abu. Ya ce ba zai iya cewa ba.

Kawu ya zo zaman makoki da galan ɗin cike, ya ajiye a zaure. Ban taɓa gaya masa inda man ya ƙare ba. Ina jin ya sani.

Kayan makarantarta Kulu ta ba wata yarinya a Lambara. Takalman suka jira Amina shekara biyu. Littafin yana akwatina. Zanen katangar ya tsaya a rabi, kuma ban bar kowa ya ƙarasa shi ba.