Fai Mai Lamba Bakwai a McLeansville

Shekara shida ina aiki a kamfanin haɗa kujeru, kuma duk tsawon lokacin na yi imani cewa tsakanina da abokan aikina babu abin da ya wuce gaisuwa. Na ɗauka babu wanda ya taɓa lura cewa a cikin mota nake cin abincin rana.

Ranar Asabar da ta wuce, muna idar da sallar asuba muka kama hanyar McLeansville, wani ƙauye da ke bayan garin da muke zaune, ni da wani abokin aikina mutumin Nijar, da teburan taro a bayan motarsa. A can ake gasar fai ta ma'aikata kowace kaka. Fai gashi ne na fulawa da ake cika cikinsa da tuffa ko kabewa ko dankali. Bana ƙuri'a ta faɗo kaina, na zama ɗaya daga cikin alƙalai uku. Na shaida wa shugabar sashenmu tun da wuri cewa ba na cin abin da aka kwaɓa da kitsen alade, wanda da yawansu ke amfani da shi. Ta ce in dai zo. Don haka na tafi da kalmomin ba da haƙuri a bakina, ina fargabar ƙin abincin mutane a gaban idonsu.

A titin High Point Road babu kowa, sai tutocin masu sayar da motoci. Shagon da muke sayen gari da daddawa ma bai buɗe ba. Da muka yi gabas, gidaje suka fara nisa da juna, ganyaye sun yi ja. A bakin hanya muka ga tulin kabewa babu mai tsaro, sai gwangwani da mai saye zai jefa kuɗinsa.

“Bon, Malam,” in ji abokina da ɗan Faransancinsu na Nijar, “a kai gwangwanin nan kasuwar garinmu, mu ga ko zai kai azahar.”

A gonar wani ma'aikacinmu aka yi taron. Da hantsi aka jera fai goma sha biyu, kowanne da lamba, babu suna. Gefen kowanne akwai ƴar takarda da aka rubuta kayan haɗinsa da hannu. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba yarjejeniya. Babu kitsen alade ko a ɗaya. Na ce a raina umarnin shugaba ne, na ɗauki cokali.

Lamba bakwai na tuffa ne, kuma cikinsa ya fi kowanne daɗi. Amma ɓawon fulawar ya bushe, wuƙa na taɓa shi ya ruguje. Na yi abin da na ga shi ne adalci, na ba shi maki kaɗan. Lamba uku, na kabewa, shi ya lashe gasar, kuma na wani direban babbar mota ne. Ihun da aka yi ya fi ƙarfin nasarar, sai na tambayi dalili. Ashe lamba bakwai na wata dattijuwa ne da ke aiki a ofishin karɓar kaya, wadda ta ci gasar shekara huɗu a jere da haɗin da ta gada daga kakarta.

Abokina, wanda ke kiranta Hajiya don tsokana, ya nufe ta. “Hajiya, me ya samu sarautarki bana?”

“Man shanu ne ya ci amanata,” ta ce tana dariya. “Sau uku ina gwadawa a makon nan. Da kakata tana raye, da ta kore ni daga kicin.” Sai ta juyo gare ni. “Amma ka ci, ko? Shekara shida ina hangen ka ta taga, kai kaɗai a mota.”

A nan na ji cewa shugaba ba ta umarci kowa ba. Dattijuwar ce ta bi masu gasar ɗaya bayan ɗaya ta roƙe su su bar kitsen, ta fara da kanta. Na gaya mata gaskiya, cewa ni ne na rage mata maki.

“Daidai ka yi, ɗana. Ɓawon bai yi kyau ba,” in ji ta. “Baɗi zan gyara, kuma kai za ka ɗanɗana.” Ta naɗe mini ragowar, ta ce in kai wa iyalina.

A hanyar dawowa na ɗora ragowar fai ɗin a cinyata. Na riƙa tambayar kaina ko tsoron haram ne kaɗai ya tsare ni a mota shekara shida, ko kuwa na fake da shi ne don kada in san kowa. Har muka iso gida bayan la'asar ban sami amsar da ta wanke ni ba.

Ranar Litinin na ɗauki kwanon shinkafata na shiga ɗakin cin abinci na ma'aikata, na zauna kusa da dattijuwar.