Ƙafafun Habu Sun Ƙi Zama

Har gobe ban mance da wata ranar kasuwar Ajingi ba, cikin damina, lokacin ina jami'in lafiya a wani ƙaramin asibiti. Mu ba likitoci ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa yana Kano, shi ke rubuta magani, mu kuma mu bibiyi majinyaci.

Sai ga Malam Sale daga Kademi ya jawo ƙanensa Habu. Habu na da ciwon nan da ke sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, yana zargin kowa da ƙulla masa sharri. Ba iska ba ce, ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma magani na danne shi. Kafin a fara ba shi, ya daɗe ɗaure a mari.

Ranar kuwa, subhanallahi! Ya zauna, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya dawo, ƙafa sai rawa take. Ni kaina sai da na kasa zama.

"Malam, abin ya dawo," in ji Sale. "Ko a sahun salla ba ya iya tsayuwa. Ni dai na riga na yi wa maƙeri maganar mari."

Na ce, "Habu, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Haba, sauƙin ina? Mutumin garinmu ko yana gargarar mutuwa haka zai ce maka. Na kira likita a waya, ya ce in fitar da yayan, in yi wa Habu tambaya dalla-dalla.

Da ya rage daga ni sai shi, na ce, "Muryoyin fa?"

"Wallahi sun yi shiru tuntuni. Ƙafafuna ne, kamar tururuwa na yawo cikin ƙashi."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In na ce ba sauƙi, Yaya zai mai da ni mari."

Da na sake kiran likita, ya ce illar maganin ce, ba ciwon ne ya dawo ba. A kai masa shi ya gyara ma'aunin maganin, kada kuma a daina sha. Na shaida wa Sale. Ya daɗe yana kallon tabon marin da ke idon sawun ƙanensa, sannan ya ce, "Tashi mu nemi mota."

Ku sababbin ma'aikata, ku riƙe wannan: "yaya jiki" gaisuwa ce, ba bincike ba. Saura ƙiris a ɗaure mutumin da ke samun lafiya, don kawai ya amsa gaisuwa da ladabi.